Yadda ake haɗa fitilar sigina mai ƙiftawa da aisi 555

Fitilar sigina, irin ta mota ko babur, aiki ne da ya dace mai koyon lantarki ya soma da shi. Kayanta kaɗan ne, da batir mai bolt 9 take aiki don haka babu wutar da za ta ja ka, kuma in ka yi kuskure ido zai gani nan take: ko ta ƙi kamawa, ko ta kama ta ƙi mutuwa, ko ta yi ta rawa ba tsari. Abin da za a haɗa a nan fitila ce mai ƙiftawa kusan sau 90 a minti, da makunni mai zaɓar hagu ko dama, wadda za a iya ɗaura wa keke ko amalanke, ko a kafa a ƙofar shago. Adadin 90 ɗin ba na ganin dama ba ne. Ƙa'idar siginar abin hawa ita ce ta ƙifta tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti, 90 kuwa shi ne tsakiya.

Sayen kaya

A Accra, Zongo Lane da ke tsakiyar gari kusa da Makola ita ce matattarar masu sayar da ƙananan kayan lantarki. Daga Nima, Mamobi ko Sabon Zango ba wata tafiya ba ce. Ka rubuta lambobin kayan a takarda ka miƙa wa mai shago, domin a cikin hayaniyar wurin 47k da 4.7k ba su da bambanci a kunne, alhali a cikin aiki ɗaya ya ninka ɗaya sau goma. Farashi yana bin dala, saboda haka ka tambayi shago biyu ko uku kafin ka ciro kuɗi.

Abin da za ka saya shi ne aisi NE555, wato ƙaramin baƙin guntun lantarki mai ƙafa takwas, guda biyu, tare da soket ɗinsa. Rezista mai om 470 guda huɗu, mai om 220 guda huɗu, mai 1k (wato om 1,000) guda biyu, mai 47k guda biyu. Kafasita mai siffar gwangwani ta 10µF, da wata ta 100µF, dukansu masu jure bolt 16 ko 25. Ƙananan kafasita masu faɗi guda biyu, ɗaya an rubuta mata 103, ɗaya 104. Ƙwan LED mai milimita 5, ja da rawaya, kamar guda goma. Sai allon gwaji mai ramuka, batir mai bolt 9 da hularsa, da siririyar waya mai zare ɗaya. Wayar da ke cikin tsohon kebul ɗin intanet tana yin aikin, in dai mai zare ɗaya ce, don ita ke shiga ramin allo ba ta lanƙwashe ba. Makunnin hagu da dama za mu zo kansa daga baya.

Mita, wato na'urar auna ƙarfin wuta da ƙimar rezista, ba ta cikin kayan haɗi, amma kada ka fara aiki ba ka da ita. Ƙaramar mita mai nuna lamba ta wadatar. Wanda ba shi da mita canke yake yi, kuma mai canke shi ne yake jefar da aisi mai rai yana cewa jabu aka sayar masa.

Ana gane rezista da zoben launin da ke jikinta. Mai om 470 tana da rawaya, shunayya, ruwan ƙasa. Mai 220 ja, ja, ruwan ƙasa. Mai 1k ruwan ƙasa, baƙi, ja. Mai 47k rawaya, shunayya, ruwan lemo. Zobe na huɗu mai ruwan zinariya yana nufin ƙimar na iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari. Ka lura 470 da 4.7k da 47k da 470k duk da rawaya da shunayya suke farawa, zobe na uku kaɗai ya raba su, kuma a ƙarƙashin hasken shago ja da ruwan lemo suna rikita ido. Masu shuɗin jiki zobe biyar gare su, karatunsu daban ne. Hanya mafi sauƙi: ka auna kowace ɗaya da mita, ka manna ta a takarda da salatif, ka rubuta ƙimarta a gefe.

Mutane da yawa suna cire kaya daga matattun rediyo da talabijin, kuma babu laifi. Sai dai babbar kafasitar da ke sashen shigar wuta na talabijin, caja ko injin kwamfuta tana iya riƙe fiye da bolt 300 bayan an zare soket, domin wutar gida ta Ghana bolt 230 ce, in an mayar da ita miƙaƙƙiya irin ta batir takan kai wajen 325. Mai koyo ya bar wannan sashen tukuna. Tsohuwar kafasitar gwangwani kuma takan bushe, ƙimarta ta ragu, don haka ta 10µF ɗin nan gara a sayi sabuwa.

Ƙwai ɗaya tukuna

Kafin a taɓa aisi, a kunna ƙwai ɗaya. Allon gwaji yana da ramuka biyar-biyar da suke haɗe ta ƙarƙashi, da kwari a tsakiya da ya raba sama da ƙasa. A gefuna akwai dogayen layuka biyu, ɗaya da jan zane, ɗaya da shuɗi ko baƙi. Jar wayar batir ta shiga jan layi (+), baƙar ta shiga baƙin layi (−). A wasu alluna dogayen layukan nan a yanke suke a tsakiya, rabin hagu bai haɗu da rabin dama ba. Ka duba da mita tun yanzu, in a yanke suke ka haɗa su da guntuwar waya. Wannan ƙaramin abu yana cinye wa mai koyo yini guda.

Ƙwan LED yana da doguwar ƙafa da gajera. Doguwar ita ke fuskantar (+). In an riga an datse ƙafafun, ka duba gindin ƙwan: gefen da aka shafe ya zama miƙaƙƙe shi ne na (−). Ka ɗauko rezista 470 daga jan layi zuwa doguwar ƙafa, gajerar ƙafa kuma zuwa baƙin layi. Zai kama.

Lissafin da ya ba da 470 shi ne tushen duk abin da zai biyo baya. Jan ƙwai yana cin wajen bolt 2, rawaya ma kusan haka, fari da shuɗi kuwa bolt 3 da ɗan ɗoriya. Iyakar wutar da ƙwai mai milimita 5 yake so ta ratsa shi miliamfiya 20 ce, 15 ta fi masa lafiya. Batir na ba da 9, ƙwai ya ci 2, saura 7 dole rezista ta shanye. A raba 7 da 0.015, an sami om 467, mafi kusa a kasuwa 470. In ka haɗa ƙwan kai tsaye da batir ba rezista, zai yi haske sau ɗaya ya ƙone, domin shi ba ya iya tsayar da wutar da kansa.

Abin da ke faruwa a cikin aisi

NE555 tsohon aisi ne. Hans Camenzind ya tsara shi a 1971 wa kamfanin Signetics na Amurka, ya shiga kasuwa a 1972, kuma har yau ana ƙera shi. Yana aiki daga bolt 4.5 zuwa 16, ƙafarsa ta fitar da wuta tana iya ɗaukar miliamfiya 200.

Ana ƙirga ƙafafunsa daga wurin ɗan yanka ko ɗigon da ke jikinsa. Ka ajiye shi yankan na fuskantar hagunka, rubutun yana kallonka daidai. Ƙafar da ke ƙasa ta hagu ita ce 1, sai 2, 3, 4 zuwa dama. Ka haura sama daga dama, 5 ce, ka dawo hagu 6, 7, 8. Wato 8 tana saman 1, 5 tana saman 4. Masu koyo sukan ƙirga layin sama daga hagu kamar na ƙasa, sai komai ya juye.

A cikinsa akwai rezista uku iri ɗaya a jere, suna raba wutar batir gida uku. Da batir mai bolt 9, aisin yana lura da maki biyu: bolt 3 da bolt 6. Ka ɗauki kafasita a matsayin jarkar ruwa da ake cikawa ta siririn tiyo. Rezista ita ce tiyon, in ta fi girma ruwan ya fi shiga a hankali. Muddin jarkar na cika, fitila a kunne take. Da ta kai kashi biyu cikin uku, ƙafa ta 6 ta gani, sai aisin ya kashe fitila ya buɗe mafita ta ƙafa ta 7. Da ta sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku, ƙafa ta 2 ta gani, sai ya rufe mafitar ya sake kunna fitila. Haka zai yi ta yi har batir ya ƙare. Tun da makin biyu kaso ne na ƙarfin batir ba tsayayyen adadi ba, in batir ya yi sanyi hasken ne zai ragu, saurin ƙiftawar yana nan kusan yadda yake.

Haɗawa

Ka cire batir. Ka dasa aisin a kan kwarin tsakiya, ƙafa huɗu sama, huɗu ƙasa. Sabon aisi ƙafafunsa a ɗan buɗe suke zuwa, ka kwantar da shi a kan tebur ka ɗan danna kowane gefe su miƙe, in ba haka ba wata ƙafar za ta naɗe a ƙarƙashinsa ba ka sani ba.

Ƙafa ta 1 zuwa baƙin layi. Ƙafa ta 8 zuwa jan layi. Ƙafa ta 4 ita ma zuwa jan layi. Rezista 1k daga jan layi zuwa ƙafa ta 7. Rezista 47k daga ƙafa ta 7 zuwa ta 6. Guntuwar waya daga ƙafa ta 6 ta tsallaka kan aisin zuwa ta 2. Kafasita 10µF daga ƙafa ta 2 zuwa baƙin layi, kuma ita ma tana da gaba da baya: gefen da ke da farin zane mai alamar (−), wanda ƙafarsa ta fi gajarta, shi ne zai shiga baƙin layi. Ƙaramar mai 103 daga ƙafa ta 5 zuwa baƙin layi. Mai 104 tsakanin ƙafa ta 8 da ta 1, kusa da aisin iya yadda za ka iya. Waɗannan ƙananan biyu ba su da gaba da baya. Daga ƙarshe rezista 470 daga ƙafa ta 3 zuwa doguwar ƙafar ƙwai, gajerar zuwa baƙin layi.

Kafin ka mayar da batir, ka bi kowace ƙafa daga 1 zuwa 8 da bakin biro kana faɗin inda ta tafi. Sannan ka sa batir, yatsa ɗaya a kan aisin. In ya fara zafi, ka zare nan take.

Rezistan biyu da kafasitar su ne masu yanke sauri. A ninka 47,000 sau biyu a ƙara 1,000, an sami 95,000. A ninka da ƙimar kafasita, wato 0.00001, an sami 0.95. A raba 1.44 da wannan, an sami kusan 1.5 a daƙiƙa, wato wajen sau 91 a minti. Fitila takan zauna a kunne daƙiƙa 0.33, a kashe ma kusan haka. Ka ƙirga da agogon wayarka. In ka sami 80 ko 105, babu abin da ya lalace, domin kafasitar gwangwani takan kauce da kashi 20 cikin ɗari, wanda zai iya kai ka ko'ina tsakanin 76 da 114. Za ka kuma lura kunnuwar farko ta fi sauran tsawo, wajen rabin daƙiƙa, saboda kafasitar daga sifili ta fara cika ba daga bolt 3 ba. Ga sigina wannan alheri ne: da ka murɗa makunni, haske ya fito.

Mai son sauri ya zama na murɗawa sai ya cire 47k ya sa rezista 10k a jere da abin murɗa ƙara mai 100k. Zai sami daga wajen sau 39 a minti har zuwa kusan sau 7 a daƙiƙa. Rezista 1k ɗin nan kuwa kada a rage ta, kada kuma a maye gurbinta da waya. Duk sanda fitila ta mutu ƙafa ta 7 tana haɗuwa da baƙin layi ta cikin aisin, kuma 1k ɗin ce kaɗai ke tsakaninta da batir.

In bai yi ba

A nan ne ake koyon aikin, don haka kada ka tuge komai ka sake daga farko. Ka sa mita a kan bolt 20 na wutar batir, baƙar sanda a baƙin layi, ka bi da jar sandar a kan ƙafafun aisin kansu, ba a kan ramukan allo ba. Ƙafa ta 8 ta nuna kusan 9. In ba ta nuna ba, matsalar ba ta kai ga aisi ba ma, tana wurin batir, hularsa ko yankakken layi. Ƙafa ta 4 ita ma 9. Ƙafa ta 5 ta nuna kusan 6, wato kashi biyu cikin uku na abin da ke ƙafa ta 8. Wannan awon shi ne shaidar farko cewa aisin ya zauna daidai kuma wuta na shigarsa.

Ƙaramar mita ba ta iya bin abin da ke canzawa sau ɗaya da rabi a daƙiƙa, lambobin sai su yi ta tsalle. Dabarar ita ce ka cire 10µF ka sa 100µF na ɗan lokaci. Komai zai yi sanyi sau goma, fitila ta kama daƙiƙa uku da ɗoriya, ta mutu haka. Yanzu ka ɗora mita a ƙafa ta 6, za ka ga lamba na hawa a hankali daga 3 zuwa 6, ta juyo ta sauka zuwa 3. Ko da aikinka na tafiya lafiya ka yi wannan gwajin sau ɗaya, ya fi kowane bayani.

Fitilar da ta ƙi kamawa sam, galibi ƙwan ne aka juya, ko ƙafa ta 4 ba ta sami jan layi ba. Ka auna ƙafa ta 3: in tana hawa wajen bolt 7 tana sauka, aisin na aikinsa, laifin yana wurin ƙwai ko rezistarsa. Fitilar da ta kama ta tsaya cak da cikakken haske, ka duba wayar da ke tsakanin 6 da 2, da kuma ƙafafun 47k. In kafasitar tana yoyo ko an juya ta, ba za ta kai bolt 6 ba, fitila kuwa ba za ta taɓa mutuwa ba. Wadda ta kama da rabin haske kamar ba ta ƙiftawa, tana ƙiftawa, saurin ne ya fi ƙarfin ido. Wannan yakan faru in kafasitar ba ta zauna a raminta ba, ko an sa mai 104 a wurin 10µF, wanda ke kai saurin wajen sau 150 a daƙiƙa. In tana karkarwa da sauri, 4.7k aka ba ka, kusan sau 14 a daƙiƙa ke nan. In sai ka jira fiye da daƙiƙa shida kafin ta zagayo, 470k ce. Aisi mai zafi kuwa ko an dasa shi a juye, ko an juya wayoyin batir. In ya daɗe a haka ya tafi, shi ya sa aka ce ka sayi biyu.

Akwai kuma laifin allon kansa. Ƙurar hunturu tana cika ramuka, danshin teku na Accra yana sa ƙarafan ciki tsatsa, ramin da aka cusa wa waya mai kauri kuma yakan saki. In ka taɓa waya fitila ta canza hali, ka matsar da haɗin zuwa wasu ramukan. Ka riƙa ajiye allon a cikin leda.

Hagu da dama, da ƙarin haske

Ƙwai ɗaya ba ya isa a gan shi a titi. Ƙafa ta 3 ba ta ba da cikakken ƙarfin batir, takan rage wajen bolt 1.7, don haka daga 9 abin da ke fitowa kusan 7.3 ne. Ka jera rawaya biyu, gajerar ƙafar na farko ta kama doguwar na biyu, sun ci 4.2, saura 3.1. Rezista 220 za ta ba su wajen miliamfiya 14. Kada ka jera uku a kan wannan batir: abin da zai rage wa rezista bolt 1 ne kacal, da batir ya ɗan sauka sai hasken ya ɓace. In kana son ƙwai huɗu a kowane gefe, ka yi jeri biyu, kowane jeri da rezistarsa. Haɗa ƙwayaye gefe da gefe a kan rezista ɗaya rowa ce marar amfani, domin ɗaya zai fi jan wuta ya riga sauran mutuwa.

Makunnin da ya dace shi ne mai ƙafa shida da matsayi uku: hagu, tsakiya a kashe, dama. Ƙafafun suna layi biyu, uku-uku, kuma kowane layi makunni ne mai zaman kansa. A layi na farko, ƙafar tsakiya ta karɓi jar wayar batir, ƙafafun gefe biyu a haɗe su da juna a kai jan layin allo. A layi na biyu, ƙafar tsakiya ta karɓi waya daga ƙafa ta 3 ta aisi, gefe ɗaya ya tafi fitilun hagu, ɗaya na dama. Amfanin wannan tsari shi ne in makunni na tsakiya an yanke wa aisin wuta gaba ɗaya. Da mai ƙafa uku ma za a iya zaɓar gefe, amma aisin zai ci gaba da shan miliamfiya biyar ko shida dare da rana, cikin 'yan kwanaki batir ya mutu ba a ko kunna sigina ba. Wani abu kuma: a irin makunnin nan mai sanda, in ka tura sandar hagu, galibi ƙafar dama ce ke haɗuwa. Ka gwada da mita kafin ka sa dalma.

Batir mai bolt 9 na gwaji ne, cikinsa kaɗan ne. Mai kyau ba ya wuce wajen miliamfiya-awa 500 zuwa 600, mai araha bai kai haka ba. Don keke, gara batir AA guda shida a cikin gidansu, su ma bolt 9 ne kuma sun ninka shi ƙarko sau uku ko fiye. Masu son na caji sukan yi amfani da batirin litiyam mai lamba 18650 guda biyu a jere, bolt 7.4, in sun cika 8.4. A nan sai a mayar da rezistar jerin ƙwai biyu ta zama 150. A sa su a gidansu tare da allon kariya, kada a ɗora musu ƙarfen dalma kai tsaye. Guda ɗaya ba zai tayar da NE555 ba, tun da iyakarsa 4.2. Cajar waya mai bolt 5 tana tayar da shi, amma abin da zai fito a ƙafa ta 3 wajen 3.3 ne, ya ishi jan ƙwai ɗaya da rezista 100, farin ƙwai kuwa da ƙyar. Yawancin batiran ajiya na cajin waya kuma sukan kashe kansu in abin da ake ja ya yi kaɗan, sai mutum ya zaci haɗinsa ne ya lalace.

In fitilun sun yi yawa, aisi ya ba da umarni, tiransista ta ɗauki kaya. BC547 tana ɗaukar miliamfiya 100, BC337 ta fi ta nesa ba kusa ba. In ka fuskanci gefensu mai faɗi ƙafafu na ƙasa, ta hagu ita ke karɓar wayar (−) ta fitilu, ta tsakiya ta karɓi ƙafa ta 3 ta cikin rezista 1k, ta dama ta tafi baƙin layi. A wannan tsari layi na biyu na makunni ba daga ƙafa ta 3 zai ɗauko ba, daga (+) na batir zai ɗauko ya raba wa hagu ko dama. Don zaren LED mai bolt 12, irin wanda ake yi wa shago ado da shi, tiransista IRFZ44N ta fi dacewa. Rubutunta na kallonka, ƙafar hagu ta karɓi ƙafa ta 3 ta cikin om 100, da wata 10k daga nan zuwa baƙin layi, ta tsakiya ta karɓi (−) na zaren, ta dama zuwa baƙin layi.

Game da babur, aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) ko mota, shawararmu a bar siginarsu yadda take. Fitilunsu ta jikin ƙarfen abin hawa suke samun (−), don haka tsarin tiransistan da ke sama bai hau kansu ba. Ƙwan 21W na mota yana jan amfiya 1.75, in yana da sanyi kuwa a ƙiftawar farko yakan ja ninkin haka sau da yawa. Wutar ma ba 12 take tsayawa ba, in inji na aiki takan haura 14, ga tsalle-tsalle. In na'urar ƙiftawar ta mutu, kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai na nan maƙwabtaka da Sabon Zango, a sayi wata. Wanda ya canza ƙwayayen siginarsa zuwa LED ya ga ta tsaya cak ko tana gudu, ba lalacewa ta yi ba: tsohuwar na'urar da nauyin wutar da ƙwai ke ja take aiki, LED kuwa ba ya jan abin da zai motsa ta, sai a nemi wadda aka yi don LED. In dai ƙarin fitila mai wayoyinta biyu za a ɗora a kan batirin babur, to a sa fis mai amfiya 1 kusa da batir, dayod 1N4007 (mai barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai) a kan wayar da ke kai wa aisi, zobenta na fuskantar aisin, da 100µF mai bolt 25 a bayanta. Launi kuma rawaya don sigina. Shuɗi mai walƙiya a bar wa 'yan sanda.

Mayar da shi na dindindin

Allon gwaji ba ya jure girgizar titi, sai a koma allon dalma mai layukan tagulla. Soket ake fara dasawa, aisin sai an gama komai ya shiga. Layukan tagullar suna haɗa ƙafa ta 1 da ta 8, 2 da 7, 3 da 6, 4 da 5, saboda haka dole a yanke layuka huɗun nan a ƙarƙashin soket. Ka ɗauki bakin dirila mai milimita 3 ko 4 ka murza da hannu a kan rami har tagullar ta rabu, sannan ka tabbatar da mita. Mantuwa da wannan yankan na nufin haɗa (+) da (−) kai tsaye.

Ƙarfen dalma mai wat 25 zuwa 40 ya isa. Dalma mai 60/40 tana narkewa a wajen digiri 190. Ka ɗora bakin ƙarfen ya taɓa ƙafar kaya da tagulla tare, ka kawo dalmar kan mahaɗar ba kan ƙarfen ba, daƙiƙa biyu ko uku ka janye. Mahaɗa mai kyau tana sheƙi, ta kwanta ta rungumi ƙafar. Wadda ta dunƙule ta yi dishi-dishi ba ta kama ba, za ta yi aiki a tebur ta saki a ramin farko na titi, a sake narkar da ita. In an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, ka zare ƙarfen daga soket, kada ta dawo ya ƙona tebur ba kowa a wurin. Ka yi aikin kusa da taga saboda hayaƙin, ka wanke hannu kafin cin abinci domin akwai gubar darma a ciki.

Wayoyin da za su fita zuwa fitilu da makunni su zama masu zare da yawa, don mai zare ɗaya tana karyewa da girgiza. Ka sa allon a ƙaramar roba mai murfi, ka huda ramin wayoyi ta ƙasa don ruwan sama kada ya bi su ya shiga, ka ƙulla kowace waya ta ciki yadda in an fizge ta ƙullin ne zai tsaya a bakin rami ba dalmar ba. Kafin ka dasa aisin a soket, ka sa batir ka auna ramin ƙafa ta 8 da na ta 4 su nuna ƙarfin batir, na ta 1 ya nuna sifili, sannan ka cire batir, ka daidaita yankan aisin da yankan soket, ka danna.